Kada Ka Taɓa Komai

Abdulwasiu bai jira mai Keke Napep ya gama tsayawa ba ya diro, ya tsallake kwatar da ruwan sama ya cika, ya haye benen ofishinsu na Ketaren Gwari a Minna da gudu. Tun daga ƙasa ya ji janareta na ruri, ya san an ɗauke wuta ke nan tun kafin gari ya waye. Kuma sai yau, yau ɗin nan da ya roƙi Allah ya sa komai ya tafi lafiya.

Ya tura ƙofar ɗan ɗakin da suke kira ɗakin sanyi. A cikin wani kabad na ƙarfe manyan kwamfutoci uku ne a jere, waɗanda 'yan sana'ar ke kira saba. Su ne ke karɓar muryar gidajen rediyo da hoton tarurruka, su miƙa wa duk wanda ya buɗe manhajar kamfanin a wayarsa. Shi ya raɗa musu suna da kansa: Babba, Ta-tsakiya da Auta. Babba ce kaɗai fitilunta ke ƙyaftawa. Sauran biyun sun fara tashi lokacin da janareta ya kama, sai suka maƙale a hanya suna jiran a danna musu maɓalli, kamar yaran da aka tasa don makaranta suka koma barci da takalmi a ƙafa.

"Ku ma sai yau kuka ga dama," ya ce musu, ya danna.

Ya koma teburinsa ya kunna babban allon da ke jikin bango. Taswirar duniya ce, kowane mai sauraro ɗigo ne kore. Minna ta yi kore shar, Bida da Suleja ma haka, ga 'yan tsiraru a Kaduna da Legas. Can gabas, a bakin wani teku, ɗigo ɗaya ne tal. Abdulwasiu ya dube shi ya sauke numfashi. Isaiah na nan.

Isaiah amininsa ne tun suna yawo ba riga a wannan unguwa. Yau ake binne mahaifiyarsa, Mama Elizabet, a ƙauyensu Garatu, shi kuwa yana wata ƙasar Larabawa yana aikin walda, kamfanin da yake wa aiki bai ba shi hutu ba. A can ba a barin kiran bidiyo na waya, manhajar su Abdulwasiu ma ba ta saukuwa. Don haka Abdulwasiu ya tura mai kyamararsu Irimiya zuwa Garatu da kayan aiki, ya buɗe wa dangi tasha ta musamman, shi kuma Isaiah ya aika masa linki tsura wanda ake buɗewa a shafin intanet. Ya rantse masa zai ga Mama har a sa ta a ƙasa.

Ba alfarma yake yi wa kowa ba. Matar nan ta ci da shi. Lokacin da take sayar da abinci a bakin garejin babansa, ko a watan azumi sai ta rufe masa malmalar sakwara ta ajiye har a sha ruwa, tana cewa Wasiu ɗanta ne, addini ne kawai ya ba ta aronsa. Ya so ya je jana'izar da ƙafarsa, amma ya ga zamansa a gaban na'ura ya fi amfani.

Wayarsa ta nuna saƙon murya. Isaiah ne, muryarsa a dishe.

"Wasiu, na buɗe tun da na tashi, kamar yadda ka ce. Ga hoton Mama nan a allo, ana cewa za a fara nan gaba. Ina bayan ɗakunan kwananmu, a nan ne netwok ya fi ƙarfi. Na ɗebi ƙasa. Mun yi da ƙanwata Christiana, in an zo zuba ƙasa za ta kalli kyamara ta ce yanzu, ita ta zuba a can, ni in zuba a nan. Ka san ni ne babba, ni ya kamata in fara. Ban taɓa komai ba, kada ka damu."

Abdulwasiu ya yi murmushi duk da nauyin da ke ƙirjinsa. Ranar da suka yi gwaji, Isaiah ya yi ta latse-latse da manyan yatsunsa na mai walda, hoto ya zo ya kore shi, ya zo ya kore shi, har Abdulwasiu ya ƙule ya yi masa faɗa. Ya ce masa ranar jana'iza ya buɗe da wuri ya kama wuri, sannan ko hoto ya tsaya, ko ya yi duhu, kada ya taɓa komai, zai dawo da kansa. Ya ce masa sauran aikin nasa ne, shi Abdulwasiu.

Sai da ya ajiye wayar ya dubi ma'aunin sabobin, murmushin ya tafi.

A gaban sabobin uku akwai wata 'yar manhaja da ke raba musu mutane. A ofis Ɗan Kamasho suke ce mata, don aikinta ke nan: duk wanda ya shigo, wannan ya tafi Babba, na bayansa Ta-tsakiya, na bayansa Auta, a sake zagayowa. Matsalarta ɗaya, ba ta leƙa cikin mota. Ita dai layi ta sani. Tun asuba kuwa Babba ce kaɗai a tasha, duk wanda ya buɗe waya ita aka tura masa. Yanzu ga 'yan uwanta sun tashi wayam, Ɗan Kamasho na ci gaba da ba ta kasonta na sababbin zuwa kamar ba abin da ya faru.

Da masu duba labarai ne, da sauƙi. Su shiga suke yi su fita, kafin ka ƙifta ido an daidaita. Amma mai sauraron rediyo a Minna ba ya fita. Tela zai kunna ya jingina waya da kan keken ɗinki, mai shayi ya rataye tasa a ƙusa, mai kanti ya haɗa da sifika, daga nan sai magariba. Wanda ya zauna a Babba ya zauna ke nan.

Ya shiga ya hana Ɗan Kamasho tura mata kowa. Sababbi suka fara gangarawa wajen Ta-tsakiya da Auta. Ma'aunin Babba ya daina hawa, amma bai sauko ba. Ya tsaya a rawaya, gab da ja.

"Za ta riƙe," ya gaya wa kansa. Ka ji mutum, kamar da ita suka yi shawara.

Hajiya Karima, mai kamfanin, ta shigo da hantsi tana karkaɗe lema. Tsohuwar mai gabatar da shiri ce a rediyo, har yanzu in ta yi gaisuwa sai ka ɗauka labaran duniya za ta karanta.

"Injiniya, yaya muka kwana? Na ga an yi mana halin da aka saba."

"An yi, Hajiya. Babba ta ɗan yi nauyi, amma ina kanta."

"Jana'izar fa?"

"Irimiya ya ce sun fito daga coci."

A ƙaramin allon gabansa hoton Mama Elizabet ya kau, Garatu ta bayyana. Jar ƙasa jiƙe da ruwa, kunyoyin doya har iyakar gani, matan zumuntar coci cikin zannuwansu iri ɗaya suna tafe suna waƙa, maza shida ɗauke da farin akwati. Hoton ya fito tas. Abdulwasiu ya ji daɗi har ya gyara zama.

Abin da ya manta shi ne Asabar ce. A daidai wannan lokaci babban gidan rediyon da suke ɗauka ke fara shirinsa na barkwanci, kuma ranar Asabar kunna kyamarar situdiyo suke yi. Duk telolin nan da masu shayi da ke zaune a Babba suna jan murya kawai, a lokaci guda wayoyinsu suka fara jan hoto. Ba wanda ya ƙaru ko mutum ɗaya, nauyin kowa ne ya ninka. Ma'aunin ya tsallake ja ya manne a sama.

Masu ɗauke da akwati suka fara tafiya da tsalle-tsalle. Waƙar matan zumunta ta kakkarye, ta tsaya, ta dawo a wani baitin. Wayar Hajiya Karima ta yi ƙara, ta ɗauka, ya ji tana ta ba manajan gidan rediyo haƙuri. Tasa ma ta yi ƙara.

"Oga," in ji Irimiya cikin raɗa, "wata gwaggonsu a Kaduna ta kira, wai hoto na sarƙewa. Daga nan lafiya yake fita fa. Mun iso bakin kabari, Fasto zai fara."

"Na sani. Ka riƙe kyamara kawai."

Hajiya Karima ta toshe bakin wayarta da tafin hannu. "Injiniya, me ake ciki?"

"Shara zan yi," ya ce.

Shara wata dabara ce da ya rubuta da hannunsa a bara, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamarta. In saba ta cika, sai ta yanke wasu daga cikin mutanen da ke kanta, manhajar wayarsu ta sake ƙwanƙwasawa da kanta, Ɗan Kamasho ya tura su inda babu cunkoso. Ranar da ya nuna wa Hajiya, ta tambaye shi wa za a fara yankewa, ya ce ai wannan ba abin tunani ba ne, waɗanda suka fi daɗewa. Wanda ya kwana biyu a kan layi ba sauraro yake ba, in ji shi. Mai shago ne ya kunna ya jefa waya a durowa, ko tela ya tafi masallaci ya bar ta tana yi wa almakashi hira. 'Yan zaman kashe wando, haka ya kira su, har Hajiya ta yi dariya. An sha yin Shara tun daga lokacin, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

A allo Fasto ya buɗe littafinsa ya ɗaga hannu, hoton ya daskare, ya motsa, ya sake daskarewa. Abdulwasiu ya tuna Isaiah a tsaye cikin rana yana kallon wannan tsalle-tsalle, zuciyarsa ta yi zafi. Wallahi ba zai bari a yi wa amininsa haka ba. Ya rubuta umarnin, ya danna.

Ma'aunin Babba ya zubo ƙasa. Na Ta-tsakiya da na Auta suka taso, su uku suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kore. Muryar Fasto ta fito garau, har ana jin kukan tsuntsu a bayansa.

"Injiniya ke nan!" in ji Hajiya Karima. Ta koma wa wayarta. "Ranka ya daɗe, duba yanzu. Ya daidaita ko? To, madalla."

Abdulwasiu ya jawo kujera kusa da allo. Ya ga an zura igiyoyi, an sauke akwatin a hankali. Ya ga matan zumunta sun rage murya. Sannan Christiana, ƙanwar Isaiah, ta fito daga cikin mutane, idanunta a kumbure, ta durƙusa ta cika hannunta da jar ƙasa. Ta miƙe ta nemi kyamara da ido har ta same ta.

"Yaya Isaiah," ta ce, "yanzu."

Ta buɗe hannu. Ƙasar ta faɗa kan akwatin, ya ji ƙarar sarai. Hawaye suka zubo masa bai share ba. A ƙarƙashin kukan kuma, in za a faɗi gaskiya, akwai wani ɗan daɗi: shi ya yi wannan. Shi ya haɗa Garatu da bakin teku a daidai lokacin da ake bukata. Har ya fara shirya abin da zai ce in Isaiah ya kira yana godiya, yadda zai ce haba, ba komai, Mama ai tawa ce.

Sai da samari suka kama shebur ya ɗaga kai ya dubi taswira, don ya gaisa da ɗigon nan ko da ido ne.

Gabas babu komai.

Ya tashi tsaye ya matsa jikin allon, kamar kusanci zai dawo da shi. Minna na nan, Kaduna na nan, Legas na nan. Bakin teku wayam. Sai abin ya zo masa gaba ɗaya, bai ma bar masa wurin musu ba. Wa ya riga kowa zama a Babba yau? Wanda garinsu ke wayewa kafin na nan, wanda aka ce wa ya buɗe da wuri ya kama wuri. Shara da shi ta fara. Kuma manhaja ce ke sake ƙwanƙwasawa da kanta. Linkin da ya aika wa Isaiah ba ya yi. In an yanke shi, hoton ƙarshe ne zai tsaya a allo, sai mutum ya sa yatsa ya sake buɗewa. Shi ya rubuta manhajar, shi ya haɗa linkin, ba wanda ya fi shi sanin haka a duniya.

"Lafiya, Injiniya?"

"Lafiya lau, Hajiya."

Ya kira lambar Isaiah, ba ta shiga ba. Ya rubuta masa "sake buɗewa", ya dubi allo ya ga har an tara ƙasa an fara jera furanni, ya goge. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda ko kai kaɗai ne a ɗaki sai ka sunkuyar da kai.

Bayan azahar ya bar wa Hajiya ofis ya hau motar Bida. Duk tsawon hanya yana ta kare kansa a gaban wani alƙali da ba ya nan. Da bai yi Shara ba, da Babba ta faɗi, kowa ya rasa. Gaskiya ne. Wuta aka ɗauke, ba shi ya ɗauke ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma duk inda ya bi ya zagayo sai ya tarar da muryarsa tana cewa 'yan zaman kashe wando, ga Hajiya na dariya. Bai taɓa kawo wa ransa cewa mutum zai iya daɗewa a kan layi don ya fi kowa damuwa ba. Kwandasta ya taɓa shi sau biyu kafin ya gane an iso Garatu.

Gidan cike yake. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, matan zumunta na kaɗa tulu kamar ganga suna waƙa a hankali. Ya so ya raɓa ta gefe ya yi gaisuwa ya fice, amma Irimiya ya hango shi.

"Ga ogan nan! Shi ne ya yi aikin!"

Shi ke nan. Wani tsoho kawun Isaiah ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki, yana cewa 'yarsa a Legas ta ga komai kamar tana wurin. Wata mata ta ce gwaggon Kaduna ta ce da farko yana sarƙewa, sai kawai ya washe kamar an share gilashi. Aka ce Ubangiji ya sa masa albarka, aka ce Mama ba ta yi renon banza ba. Kowace albarka sai ya ji kamar an ɗora masa bulo a ka. Yana ta cewa amin, amin, idonsa a ƙasa, su kuwa suka ɗauka kawaici ne suka ƙara.

Christiana ta zo da faranti a rufe.

"Yaya Wasiu, sannu da ƙoƙari. Ga abinci. Ci da zuciya ɗaya, Musulmi ne ya yanka, tukunyarka daban kamar yadda Mama ke yi."

"Yaya haƙuri, Christiana?"

"Da godiya." Ta zauna a kujerar kusa da shi. "Yaya Isaiah ya kira ɗazu. Ya ce ya ga komai. Ya ce da na ce yanzu, ya zuba."

Abdulwasiu ya ɗago. "Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ka san abin da ya fi damuna ke nan tun da Mama ta cika. Yanzu hankalina ya kwanta."

Wani sanyi ya ratsa shi. To, ko ya gaji ya latsa? Isaiah ne fa, mai latse-latse. Ko taswirar ce ta yi ƙarya, ai ta taɓa yi. Ya buɗe farantin, sakwara ce da miyar agushi. Ya yanki loma ya kai baki, ya ji ta wuce. Ya yanki ta biyu. Yana cikin ta uku wayarsa ta yi ƙara, doguwar lamba ta ƙasar waje.

Ya wanke hannu ya tashi ya zaga bayan gida don ya tsere wa kiɗan tulu. Bai lura ba sai ga shi a gaban kabarin. Tudun jar ƙasa ne sabo, furannin roba a kai, sawun takalma ko'ina.

"Wasiu." Muryar ta fi ta safe dishewa. "Sannu da aiki, mutumina. Na ji kowa na yabonka."

"Isaiah, yaya haƙuri?"

"Sai godiya. Kana kusa da Christiana?"

"A'a, ni kaɗai ne."

"To, ka riƙe wannan a cikinka. Na ce mata na gani, don kada ta ƙara wani kukan. Ban gani ba, Wasiu."

Abdulwasiu ya dafa bishiyar mangwaron da ke gefen kabarin.

"Netwok ɗin sansanin ma'aikatan nan ne, ka san halinsa," in ji Isaiah. "Kada ka ce laifinka ne, kai ka yi iya yinka. Hoton ya tsaya a kan Fasto, ya ɗaga hannu, bakinsa a buɗe. Na ce zai dawo. Yatsana har ya kai kan gilashin, sai na tuna faɗan da ka yi mini, na janye. Na tsaya. Rana ta dake ni, gumi ya jiƙa ƙasar da ke hannuna ta zama laka. Ina ta kallon bakin Fasto ina jira ya rufe. Har wayar ta yi zafi ta mutu."

"Akwai wanda aka naɗa," in ji Abdulwasiu. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fito ba nauyi. "Zan turo maka duka."

"Turo, zan kalla. Amma ƙasar fa? Na ƙulle ta a leda, tana aljihuna. Ban san lokacin da zan zuba ba. In na zuba yanzu, a kan me na zuba?"

Daga gaban gida aka ɗauki sabuwar waƙa. Abdulwasiu ya ga hanya a buɗe, shimfiɗaɗɗiya, Isaiah da kansa ya share masa ita. Abin da ya rage kawai ya ce Allah ya isa tsakaninsu da netwok ɗin sansani, su yi tsaki tare, shi ke nan. Hajiya ba ta lura da ɗigon ba. Irimiya bai san me ake kira Shara ba. Ba mai sani har abada, kuma Isaiah zai ci gaba da gode masa duk ranar da aka tuna Mama. Wannan godiyar ce ya ji ba zai iya ɗauka ba. Ta mutanen rumfa ma da ƙyar ya tsaya da ita.

"Isaiah, ba netwok ɗinku ba ne."

"Na'am?"

"Ni ne. Na'urarmu ɗaya ta cika, hoto na sarƙewa. Na sa aka yanke waɗanda suka fi daɗewa a kai, don a samu wuri. Na ɗauka wanda ya daɗe ba kallo yake ba. Sauran wayoyinsu sun dawo da su. Naka linkin ba ya dawowa sai an taɓa, kuma na sani, na manta ne. Da hannuna na danna."

Can nesa, a ɓangaren Isaiah, wani inji na gurnani.

"Waɗanda suka fi daɗewa," in ji Isaiah a hankali, kamar yana auna kalmomin.

"Eh."

"Wato don na zo da wuri."

"Eh."

"Kai ka ce in zo da wuri."

"Ni na ce."

"Ka ce kada in taɓa."

Ba da haƙuri ya yi kaɗan, bayani kuma Abdulwasiu ya riga ya yi. Ya durƙusa a gefen tudun, gwiwar wandonsa ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Isaiah bai sake magana ba. Injin nan ma ya yi shiru, ko an kashe shi ne, ko Isaiah ne ya matsa. Abdulwasiu ya jira. Aka gama waƙar gaban gida aka ɗauki wata. Ya ji Christiana na tambayar Irimiya ina Yaya Wasiu ya shiga, abincinsa na hucewa. Ya cire wayar daga kunne ya duba ko an kashe. Ba a kashe ba, lokaci na ta tafiya a allon, ɗaya bayan ɗaya.

Babban yatsansa ya tsaya a saman gilashin. Zai iya katsewa ya sake kira, wataƙila layin ne ya maƙale. Zai iya cewa Isaiah, kana ji na?

Ya janye yatsan, ya mayar da wayar kunnensa. Bai taɓa komai ba.